A Gidanmu Duniya Faranti Ce

Masu karatu, kafin ku ji a bakin wani ku yi mini dariya, gara in faɗa muku da bakina: mahaifina bai yarda duniya ƙwallo ce ba. A wurin Papa shimfiɗaɗɗiya ce lafiya lau kamar farantin da Mma, mahaifiyata, take jera biskit a kai ranar Kirsimeti, ƙanƙara ta kewaye bakinta don kada teku ya zube. Ni kuma duk yawan mazan da ke Tembisa, garinmu na kusa da Johannesburg, zuciyata ta rasa wanda za ta ɗauko mini sai mutumin da aikinsa ke nan, kewaya wannan duniyar a jirgin sama.

Sunana Mosima Maila. Ina aiki a wani kantin magani a Kempton Park, kuma na kai shekarun da in aka haɗu a biki mata suke fara neman zoben aure a yatsana kafin su dubi fuskata. Shi kuma sunansa Luyolo, mutumin Mthatha ne, ma'aikacin cikin jirgi, irin waɗanda ke nuna wa fasinja yadda ake ɗaura bel. Maganin mura ya shigo saya muka haɗu. Murar ta warke, shi bai daina zuwa ba.

Bisa al'ada bai kamata ya taka gidanmu ba sai kawunnansa sun zo sun tsaya a bakin ƙofa sun nemi iso. Amma Papa ya ce shi ba zai buɗe wa kawunnan kowa ƙofa ba sai ya ga yaron da idonsa. Sai Mma ta ce to ya zo ya ci abincin ranar Lahadi, a matsayin baƙo kawai.

Tun muna coci na kasa zaune na kasa tsaye. Fasto yana wa'azi, ni wayata tana ƙarƙashin littafin waƙa, ina tura wa Luyolo saƙo.

"Ka sa farar rigar nan mai dogon hannu. Ban da turare mai yawa."

"To, ranki ya daɗe."

"Kuma don Allah, in ya ce duniya faranti ce, ka ce eh."

Can sai ga shi: "In ya tambaye ni ina nake zuwa aiki fa?"

"Ka ce sama."

Ya turo mini fuskar dariya har guda uku. Ni kuwa ba wasa nake ba. Na san abin da nake tsoro, kuma abin da nake tsoron yana zaune a gefena sanye da hular coci mai faɗin murfin tukunya: Rakgadi, yayar Papa, wadda ba a ɗaura aure a danginmu sai da amincewarta. Rakgadi tana da nata ɗan takarar, wani Phineas ɗan dattijon coci, mai sayar da tayoyi, wanda yake cikin rukunin su Papa na waya inda ake tura bidiyon faranti safe da yamma. Duk abin da Papa ya tura, Phineas ne farkon mai cewa gaskiya ne. Ni ko a mafarki ba na son Phineas. Haƙoransa ma kaɗai... a bar maganar.

Muna dawowa muka faɗa kicin ni da Mma. Shinkafa, tuwon masara don Papa ba ya jin ya ci abinci in babu shi, kabewa da kirfa, alayyafo, jan gwoza da ruwan tsami, wake da yaji, ga kaji biyu a tanda. Na cire kayan coci na sa rigata shuɗiya ta shweshwe, atamfar gargajiyarmu, mai ɗinkin fari a wuya, na ɗaura ƙaramin ɗankwali, na sa 'yan kunnen da Luyolo ya kawo mini. Sai na tuna Rakgadi za ta tambayi inda na samo su, na cire. Na sake mayarwa. Mma tana kallona ta madubin falo tana murmushi.

"Ki bar kunnuwan nan su huta," ta ce. "Mahaifinki baki ne kawai."

"Mma, bakin ai shi ne matsalar."

Luyolo ya iso a kan lokaci, da farar rigarsa a goge, da buhun lemo a hannu ɗaya, kwalin madara a ɗayan. Ya cire hula tun daga bakin get, ya rusuna ya gaida Papa da hannu biyu, yana kiransa Tata, wato baba a yarensu.

"Ina wuni, Tata."

Papa yana zaune a kujerarsa wadda ba mai zama a kai ko ba ya nan. Ya dube shi daga takalmi har gashin kai.

"Kai ne mai rabon shayi a sama?"

"Ni ne, Tata. Wani lokacin har da kaza."

Na ga gefen bakin Papa ya motsa. Na ce a raina, Allah ka sa a tsaya nan.

Aka yi addu'a, aka fara ci. Rakgadi ta yi masa tambayoyinta, wane ne ubansa, wace coci, me ya sa har yanzu bai yi aure ba, yana amsawa a natse. Ya yaba kabewar Mma har ta ƙara masa. Komai yana tafiya sumul, har na fara jin ɗanɗanon abincin a bakina. Sai ga wani jirgi ya taso daga filin jirgin da ke kusa da mu ya bi ta saman rufinmu, kamar yadda suke yi kullum, kofunan cikin kabad suka yi ta ƙara. Papa ya ɗaga cokali ya nuna silin.

"Wannan ina ya nufa?"

"Ban sani ba, Tata. Nawa sai da dare yake tashi."

"Naka ina yake zuwa?"

Na miƙa ƙafa ta ƙarƙashin tebur don in taka shi, na taka Rakgadi. Ta zabura ta harare ni.

"Perth, Tata. A Ostiraliya."

Cokalin Mma ya tsaya a iska. Papa ya goge bakinsa a hankali, irin gogewar da na sani tun ina yarinya, ya ce, "Mosima, ɗauko mini farantin."

Jama'a, farantin nan na gaske ne. Babban faranti ne na tangaran da Mma ta samu a bikinta, Papa ya manna masa taswira a kai. Ƙanƙarar arewa a tsakiya, mu can ƙasa kusa da baki, Ostiraliya kuma can gefe a miƙe kamar an taka ta da mota. Na kawo na ajiye tsakanin kaza da alayyafo, na koma na zauna kamar wadda aka kai gaban alƙali.

"Ɗan samari, shekara talatin ina tuƙa babbar mota," Papa ya fara. "Daga Durban har Lubumbashi, ba hanyar da tayata ba ta taka ba. Ban taɓa zuwa inda ƙasa ta lanƙwasa ba. Yanzu faɗa mini, tafiyar taku awa nawa ce?"

Luyolo ya dube ni. Na ƙifta masa ido har ya fara yi mini zafi.

"Zuwa kamar awa tara da rabi. Dawowa kusan sha ɗaya."

Shi ke nan. Na rufe ido.

"Ka ji ko!" Papa ya buga tebur yana kallon Rakgadi, murna fal fuskarsa. "Hanya ɗaya, awa biyu daban. A makaranta sun ce muku tana juyawa ta nufi gabas, ko ba haka ba? To in ka taso daga can ka nufo yamma, ai ƙasa ce za ta taho da gudu ta tarbe ka. Dawowa ya kamata ta fi sauri. Ga shi da bakinka ka ce ta fi daɗewa. To ina juyawar?"

"Iska ce, Tata."

"Iska!" Papa ya kwashe da dariya har da tafi. "Duk ranar da aka ƙure su sai su ce iska."

"Can sama akwai wata iska mai gudu kamar kogi, daga yamma take zuwa gabas. In za mu tafi tana tura mu ta baya, in za mu dawo muna kokawa da ita. Tata, ba ka taɓa fitowa daga Beaufort West iska ta tare ka ta gaba ba?"

Papa ya gyaɗa kai. "Ta sha tare ni. Sai ka ga mai yana ƙonewa motar ba ta tafiya."

"To haka take yi mana."

"Wannan iska ce, na yarda da iska. Juyawar fa?"

"In ƙuda ya shiga gaban motarka kana gudu, yana tashi abinsa, ko bango yake bugawa?"

"Yana tashi abinsa, ɗan banza, har ya sauka a hancina."

"Saboda iskar cikin motar tare take tafiya da motar. Haka iskar duniya take tafiya tare da duniya, mu kuma muna cikinta."

Papa ya jingina da kujera, ya naɗe hannu, idonsa yana ƙyalli. "Gaban motata yana da ƙofa da gilashi. Ita duniyar taka wa ya rufe mata gilashi?"

Luyolo ya sosa ƙeya. "Wannan kam sai na yi tunani, Tata."

"Yi tunani! Ƙara masa kaza, Mma, tunani yana son nama."

Ku yarda da ni, rabon da in ga Papa cikin nishaɗi irin wannan har na manta. A gidan nan duk mun gaji da farantinsa. In ya fara, Mma sai ta tuna tana da wanki, ni in tuna ana nemana a waya. Shi kuwa Phineas eh kawai ya iya. Ashe abin da Papa ya rasa shi ne wanda zai tsaya ya ja da shi. Rakgadi ce kaɗai ta taɓe baki.

"Yaron da ke musu da babba a kan teburinsa," ta ce, kamar da kabewa take magana.

"Bar shi, Yaya, ni na tambaye shi."

Papa ya sa na ɗauko zare a kwandon ɗinkin Mma. Ya auna a kan faranti daga Johannesburg zuwa Landan, ya riƙe da farce. Ya sake aunawa zuwa Perth, zaren ya ninka.

"Landan awa sha ɗaya ce, kowa ya sani. Wannan ya ninka ta. To ta yaya za a yi ta a awa tara? Suna dai kashe muku fitila, fasinja su yi barci, a sauka wani wuri a ɓoye a sha mai. Tafiyar nan ba ta kasa kwana da wuni."

Luyolo ya ɗauki lemo ɗaya daga cikin waɗanda ya kawo, ya ɗiga masa alama biyu da biro a ƙasa, ya ɗora zaren a tsakani. Ɗan guntu ne.

"Ni ba na barci, Tata, a tsaye nake har mu sauka. Ruwa ne kawai a ƙarƙashinmu. Wurin nan ba shi da nisan da ake faɗa. Ka ci abincin yamma a nan, ka karya kumallo a can. Akwai wani mai aikin haƙar ma'adinai da nake yawan ɗaukowa, duk hutu sai ya zo ganin tsohuwarsa nan kusa da mu a Springs, har ya..."

Bai ƙarasa ba, don ya ga yadda fuskokinmu suka canza.

A nan sai na tsaya in gaya muku abin da Luyolo bai sani ba. Ya san ina da wa a Ostiraliya, amma iyakar abin da ya sani ke nan. Buti Lesiba, yayana, shi ne namiji tilo a gidanmu. Ma'aikacin lantarki ne, ya samu aiki a ma'adinan can shekarun baya ya tafi, kuma tun da ya tafi bai taɓa zuwa ba. Ba Kirsimeti, ba Ista, ko jana'izar kakarmu bai zo ba. Yana kira, yana aiko da hotuna, amma duk lokacin da Papa ya ce yaushe za ka zo, amsar ɗaya ce: "Nisa, Papa. Wurin nan akwai nisa." Bayan tafiyarsa ne Papa ya shiga rukunin faranti. In maƙwabta suka tambaya, sai ya fito da farantin ya nuna musu da yatsa. "Ku duba inda yaron nan yake, bakin duniya. Wa zai iya wannan tafiyar?"

Papa ya zuba wa ɗan guntun zaren ido. Ya ajiye cokalinsa, ya ture kujera, ya fita ta ƙofar baya.

"To, ka ji daɗi," in ji Rakgadi.

Luyolo ya juyo gare ni, duk ya daburce. "Me na ce?"

Mma ce ta miƙa hannu ta dafa nasa.

"Ba ka faɗi laifi ba, ɗana. Ci abincinka."

Wa zai iya ci? Na kwashe kwanuka na kai kicin, na tsaya a bakin taga. Papa yana cikin 'yar gonarsa ta alayyafo, yana ba shukar ruwa da tsakar rana, abin da shi da kansa yake hana mu. Wayata ta yi motsi a aljihu. Luyolo ne, daga falo.

"In tafi?"

"Ban sani ba."

"Ki yi haƙuri. Na kasa ce masa eh."

Na daɗe ina kallon saƙon. Da safe ni ce nake roƙonsa ya yi ƙarya, amma a tsaye a wurin nan sai na ji da ya yi ta, da wani abu ya ragu a yadda nake ganinsa. Na rubuta masa: "Zauna. Kada ka motsa."

Can sai muryar Papa daga waje. "Mosima! Turo mini mai shayin nan."

Luyolo ya fita yana gyara wuyan riga. Ni da Mma muka manne a taga, Rakgadi ta zo ta ture mu ta samu wuri mai kyau. Ba ma jin abin da suke cewa. Papa ya miƙa masa tiyo ya riƙe, shi Papa yana magana yana nuna sama da hannu. Luyolo yana gyaɗa kai, ruwa yana jiƙa masa takalmin da ya sha gugar man. Suka daɗe. Sai muka ga kafaɗun Papa suna rawa.

"Kuka yake?" in ji Mma, ta dafe ƙirji.

"Dariya ce," in ji Rakgadi cikin takaici.

Suka shigo tare. Papa ya tsaya a tsakiyar kicin, ƙafarsa duk laka a kan tayil ɗin Mma, ya yi gyaran murya.

"Kada kowa ya ɗauka na yarda. Ban yarda ba. Duniya faranti ce har gobe. Amma ni ba na yanke wa mutum hukunci ban ga hanya da idona ba. Zan shiga jirgin nan da agogona a hannu, in zauna a bakin taga, ba zan runtsa ba. In suka sauka shan mai, zan kama su."

"In ba su sauka ba fa?" in ji Mma a hankali.

Ya ɗan kau da kai. "In ba su sauka ba, sai in ƙarasa in ga ɗana, in ji daga bakinsa wane irin nisa yake nufi."

Mma ta juya ta fuskanci tukunya tana goge ido da gefen zaninta.

"Kai da ba ka taɓa hawa jirgi ba?" in ji Rakgadi. "Wa zai saya maka tikitin?"

"Shi ne na tambayi yaron nan. Ya ce ana ba ma'aikata tikiti mai rahusa, amma na dangi ne kawai. Na ce dangi kamar wa? Ya ce mata, iyaye..." Papa ya dubi Luyolo, wanda ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Faɗi sauran mana. A waje ai bakinka bai mutu ba."

"Da surukai, Tata."

"Da surukai! Kun ji ɗan wayo." Papa ya karɓi tawul ya goge hannu. "To ka gaya wa kawunnanka ƙofata a buɗe take. Su zo da wuri, ina da tafiya a gabana."

Ban san lokacin da na zauna a kan buhun garin masara ba. Mma ta rangaɗa guɗa har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. Rakgadi ta gyara zaman hularta, ta ƙare wa Luyolo kallo sama da ƙasa, ta ce, "Ka gaya musu ni ba na shan abin sanyi mai arha." A bakin Rakgadi, wannan sa albarka ce.

Na raka shi get da yamma, rana ta yi sanyi, yara suna buga ƙwallo a layi. Ba mu riƙe hannu ba don na san idanun mutum uku suna bayan labule.

"Me ya ce maka a gonar?"

"Ya ce in nemo amsar gilashin nan kafin ranar biki, in ba haka ba a farantinsa za a ba ni abinci."

Na yi dariya har da hawaye. Ya shiga motarsa, ya sauke gilashi ya ce 'yan kunnen sun yi mini kyau. Na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana, zuciyata wasai kamar an wanke ta.

Da na koma ciki, Papa ya riga ya sa Mma ta sauko masa da akwati daga saman kabad, yana gwada tsohuwar jaket ɗinsa ta fata a gaban madubi, yana tambaya ko can ana sanyi. Na shige ɗakina na faɗa kan gado. Na san a Perth dare ya yi, Buti ya kwanta, amma na kasa haƙuri. Na rubuta masa:

"Buti! Albishir biyu. Na ɗaya, ƙanwarka ta kusa zama amarya. Na biyu, riƙe kujera: Papa zai zo wurinka. Da gaske. Har ya fito da akwati."

Na ɗauka sai da safe zai gani. Ko ajiye wayar ban yi ba na ga ya buɗe. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sai ga shi ya shigo.

"Ina taya ki murna, ƙanwata. Amma ki hana Papa sayen tikiti."

"Saboda me?"

"Mosima, ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba tukuna."

Na tashi zaune. Na rubuta, "Na rantse."

"Ba na Ostiraliya. Na daɗe da barowa. Ina Witbank."

Witbank, jama'a. Witbank ta nan ƙasarmu, da in ka hau tasi bayan karin kumallo, kafin shayin cikinka ya huce ka isa.

Ina riƙe da wayar aka ƙwanƙwasa ƙofata. Papa ne ya leƙo, sanye da jaket ɗin da ta matse shi a ciki, fuskarsa tana haske kamar ta yaro ranar sabon kaya.

"Mma ta ce kina gaya wa yayanki," ya ce. "To? Me ya ce?"